Malam Ukasha da Layin Kasuwar Arzèkè

Duk Funtuwa babu wanda ya kai Malam Ukasha sanin duniya, in dai a bakinsa za ka ji. Zauna da shi a teburin mai shayi na ɗan lokaci, zai kai ka Makka ya dawo da kai ta Masar, har ya faɗa maka layin da ake soya ƙosai mai daɗi a Dubai. Amma mu da muka san shi tun yana yawo ba wando, mun san iyakar tafiyarsa Jibiya ce, can ɗin ma bai kwana ba. Abin da ya ƙara lalata shi wata waya ce mai faɗin faranti da ya saya bara. Tun daga ranar, ko hanyar masallacin unguwa ka tambaye shi sai ya zaro ta ya shafa tukuna.

Ana nan sai yayarsa Hadjo, wadda aure ya kai Parakou ta ƙasar Benin shekara talatin da suka wuce, ta kira shi. Maganar Mansour ce, ɗan wansu marigayi, wanda ta ɗauka ta riƙe tun yana ɗan shekara huɗu. Yaro ya zama mutum, yana da teburin nama a kasuwa, ya ga Ramlatou 'yar Alhaji Abubakar Sadiƙ na Djougou, ita ma ta gan shi. Sai dai Alhajin mutum ne mai kafiya. Kakanninsa fataken goro ne da suka yada zango a garin tun zamanin jakai, kuma ba ya ba da 'ya ga wanda bai ga tushensa ba. Sau biyu ana tura masa maƙwabta yana mayar da su. Ya ce ɗa ba ya tsirowa daga ƙasa kamar doya. In Mansour yana da dangin uba, su zo ranar Alhamis bayan la'asar. In ba su zo ba, a binne maganar.

"Kai kaɗai ka rage mana namiji, Ukasha," in ji Hadjo. "Don girman Allah ka zo, kuma ka bar rabin bakinka a gida."

"Yaya Hadjo, ki sa ruwa a zuciyarki. Ni da na sasanta manyan mutane a ƙasashe daban-daban, wani ɗan Alhajin ƙauye ne zai gagare ni?"

A gaskiya yana son yaron nan. Duk lokacin da aka ambaci Mansour sai fuskar marigayi ta faɗo masa a rai. Amma son mutum daban, iya yi masa aiki daban.

Ranar Talata ya kama hanya. Mota na tsallake iyaka, waya ta yi tsit, ta koma farantin gaske. Ya ɗaga ta sama, ya miƙa ta ta taga, ya buga ta a cinya, shiru. Ya gaya wa na kusa da shi cewa hutawa take, haka manyan wayoyi suke yi in sun shiga baƙuwar ƙasa.

Laraba da hantsi ya sauka gidan Hadjo. Bayan gaisuwa da 'yan koke-koke da malmalar sakwara biyu, ta jawo wani kwando ta buɗe masa ganyen. Goro ne marsa, manya-manya, farare tas.

"Kwana uku na yi ina zaɓensa ɗaya bayan ɗaya," ta ce. "Gidan da za ka, da ƙamshi kawai suke gane goro. Gobe da azahar maigidana Usuman zai raka ka. Yanzu ka tashi Mansour ya kai ka ofishin kamfanin waya da katin shaidarka, su yi maka rajistar layin nan ƙasar. Mu pus muke ce masa."

"Mansour ya kai ni? Ni?" Ya dubi yaron, wanda ke durƙushe a gefe. "Ɗana, koma teburinka. Baffanka ya sayi layi a garuruwan da ko sunansu ba ka iya faɗa."

"Baffa, baƙo ko da ido makaho ne fa."

"Wannan baƙon da ba shi da waya ke nan."

Ya fita ya tare zem, wato ɗan acaɓan can, ya kai shi ofishin. Yana isa ya tarar da mutane jere har bakin titi, kowa da kati a hannu, rana tana dukan ƙeya. Ya tsaya ya kama ƙugu. Shi Ukasha, da babbar riga mai aska biyu, ya tsaya bayan mai tallar ayaba? Ya ce wa mai zem ya wuce da shi inda masu wayo suke saye.

Mai zem ya kai shi kasuwar Arzèkè, ya sauke shi gaban wata lema a bayan 'yan doya. A ƙarƙashinta akwai wani siririn mutum da baƙin tabarau, yana jin Hausa kamar Bakano.

"Ranka ya daɗe, babba irinka ba ya bin sahu. Ga wannan, a buɗe yake, an riga an yi masa komai. Ba kati, ba hoto, ba tambaya."

"Ka ji mutanen da suka san daraja," in ji Malam Ukasha.

Ya zauna a benci ya zaro tsohon layinsa na gida. Ɗan abu ne kamar ƙwayar wake da aka fasa, ga hannu ɗaya riƙe da waya, ɗaya riƙe da allurar zaro layi. Sai ya maƙale shi tsakanin leɓɓansa, alhali akwai goro a kumatunsa. Daidai nan mai tabarau ya ce, "Alhaji daga wace ƙasa?"

Wayyo! A ce masa Alhaji, kuma a tambaye shi daga ina, sannan ya yi shiru? Ya buɗe baki da ƙarfinsa.

"Ai ni ka ganni nan, babu ƙasar da ban..."

Ƙut! Layi ya bi goro, goro ya bi maƙogwaro.

Ya yi tari, ya buga ƙirji, ya zaro ido. Mai doya ta miƙo masa ruwa, ya kwankwaɗa, ruwan ya ƙarasa raka abin inda ba a dawowa da sauri. Sai da ya saka sabon layin ya buɗe wajen sunaye ya ga fili fetal, sannan ya tuna. Ranar da ya sayi wayar, mai shagon ya ba shi shawara ya adana lambobi a cikin wayar kanta, shi kuma ya ce a'a, waya ana sace ta, layi kuwa kullum yana tare da kai. To ga shi yanzu yana tare da shi ƙwarai. Lambar Hadjo, ta Mansour, ta Alhajin Djougou, duk suna can ƙasan sakwara.

Bai gama jimami ba wayar ta ɗauki ƙara. Ya dube ta, ya dubi jama'a, ƙirjinsa ya dawo ya buɗe.

"Salamu alaikum," muryar wata dattijuwa ce. "Malam ne na Parakou?"

"Shi ne da kansa."

"Alhamdu lillahi. Sunana Amariya. An ba mu lambarka, an ce duk yankin nan babu kamarka a..."

Malam Ukasha ya janye wayar daga kunne, ya ɗaga ta sama, ya juya ga 'yan doya. "Kun ji? Surukai ne! Ko zama ban yi ba labarina ya kai musu." Muryar tana can tana ta bayani a iska, shi yana nan yana gyara hula. Sai da ya tabbata kowa ya gani ya mayar da ita kunne.

"...shi ya sa muka ce gobe da hantsi, a Partago, kafin ka kai Djougou. Ka tambayi gidan Malam Awalu mai shanu, nan za a taru. Ka san namu na nan ya tsufa, hannunsa rawa yake..."

Ya sake janyewa. "Sun matso da taron kusa, don kada in wahala!" Ya mayar. "Hajiya, kada ki ƙara komai. Na gane tun kafin ki faɗa. Gobe da hantsi ina nan."

A hanyar gida ya ƙulla shirinsa. Ba zai gaya wa kowa ba. Zai fita da sassafe shi kaɗai, ya gama magana, ya dawo da albishir kafin Usuman ya gama neman takalmansa. A ga ƙarshen masu cewa baƙo makaho ne.

Da yamma suna zaune a tsakar gida waya ta yi ta ruri. Wani ya kira ya ce bayansa ya riƙe tun shekaranjiya, yaushe Malam zai zo? Malam Ukasha ya ce ya riƙa shan ruwan ɗumi ya rage tunani. Wata ta ce yaronta ba ya iya haɗiya, a zo a duba masa maƙogwaro. Ya ce shi ma yau ya yi fama da haɗiya, abin yana wucewa.

Hadjo ta ajiye tsintsiya. "Ukasha, layin da ka saya ɗazu, wa ya ba mutanen nan lambarsa?"

"Yaya, ke fasaha ta wuce ki. Da babban mutum ya saka layi, na'ura ce take sanar da jama'a."

"To faɗo lambar in adana."

Sai a lokacin ya tuna bai tambayi mai tabarau ba. Ya yi gyaran murya. "Irin wannan lambar ba a faɗarta a fili."

"Kawo wayar in sa maka tawa."

"Tana ciki." Bai yi ƙarya ba, bai dai faɗi cikin wa ba.

Hadjo ta dube shi irin kallon da take yi masa tun yana satar ƙuli-ƙulinta. Ta ɗauki kwandon goro ta shiga ɗaki, ta ce za ta yayyafa wa ganyen ruwa. Ta daɗe a ciki, har ya yi mamakin wane irin yayyafi ne wannan.

Washegari daga masallacin asuba bai zauna ba. Ya zura babbar riga, ya saɓa kwando, ya sulale tasha. Aka cusa shi a motar haya, su huɗu a gaba, da buhun gari a kan ƙafarsa da ɗan akuya yana lasar masa ƙeya. Duk hanya yana yi wa direba bayanin yadda ake tuƙi a Jamus. Hantsi na dubawa aka sauke shi a Partago.

Bai sha wahalar neman gida ba. Tun daga nesa ya hango rumfa da tabarmi, maza sun cika ƙofar gida, hayaƙi na tashi, ana feɗe rago a gefe. Zuciyarsa ta yi fari ƙal. Rago guda saboda shi!

"Ni ne baƙon da kuke jira daga Parakou," ya faɗa da murya sama.

"Ya iso! Malam ya iso!" Aka tashi, aka ba shi hannu, aka shimfiɗa masa darduma a tsakiya. Malam Awalu mai gidan, wani dogo mai fara'a, ya yi ta godiya. Malam Ukasha ya ɗauka wannan ƙanin Alhaji ne, babban yana ciki sai an gama share fage. Ya ga jama'a sun yi yawa, kuma ido yana kansa. Sai ya buɗe kwando.

"Bismillah. A zagaya da shi, kowa ya taɓa. Mu a gidanmu ba ma zuwa da hannu biyu."

Jama'a suka dubi goro, suka dubi juna. Wani tsoho ya ɗaga ɗaya ya juya shi a rana. "Shekarata saba'in," ya ce, "ban taɓa ganin mai sana'arku ya kawo goro ba. Ku aka saba ba wa."

"Baba, ai ni ba irin waɗanda ka saba gani ba ne."

Kwando ya zaga maza, ya shiga cikin gida wajen mata, ya fito ya sake zagawa. Kafin ka ce kwabo babu abin da ake ji a ƙofar gidan sai ƙarar ɓara goro. Kwandon ya dawo da ganye kawai, aka jingine shi a bango.

Malam Ukasha ya miƙe tsaye ya baza riga. Ya fara da kakansu na bakwai, ya gangaro kan Funtuwa da arzikinta, ya ratsa ta tafiye-tafiyensa. Mutane suna tauna suna gyaɗa kai, ai wanda ya ba ka goro ka ba shi kunne. Yana shirin shiga maganar Mansour ke nan sai wata dattijuwa gajera mai kaifin ido ta fito daga zaure, rungume da jariri a zane. Bayanta wata mata da ƙwaryar ruwa da sabulu.

"Malam, ni ce Amariya da na kira ka. Jawabin ya isa haka, rana tana yi. Ga angon." Ta ɗora masa jaririn a hannu.

Ya dubi jariri. Jariri ya dube shi, ya yamutsa fuska.

"Hajiya, wannan fa?"

"Jikana ne, yau kwanansa bakwai. An raɗa suna tun da safe, aski kawai ya rage. Ina zabirarka?"

"Wace zabira?"

"Ta aska mana! Ko da farce kake aski?"

"Aski? Ni? Hajiya, ni wakilin ango ne. Neman auren Ramlatou na zo, 'yar Alhaji Abubakar Sadiƙ."

Tauna ta tsaya cak a kowane baki. Malam Awalu ya ce, "Alhaji Abubakar Sadiƙ ai a cikin Djougou yake. Nan gidan suna ne, bawan Allah. Kai ba Yahouza wanzami ba ne?"

"Wanzami? Ku dube ni da kyau! Kun taɓa ganin wanzami da irin wannan riga?"

Amariya ta karɓe jikanta da sauri. "To ni dai lambar Yahouza aka ba ni, ita na kira, kai ka amsa. Na ce maka suna ne, na ce wanzaminmu ya tsufa, ka ce ka gane."

"Kuskuren na'ura ne. Sake kira ki gani, yanzu za ta yi ƙara a aljihuna."

Ya zaro farantinsa ya ɗaga sama yadda kowa zai shaida. Amariya ta kunce wayarta daga bakin zane, ta danna, ta buɗe murya. Ana jin ƙararta tana shiga. Farantin Malam Ukasha kuwa ko tari bai yi ba. Can sai wata murya mai kauri ta amsa.

"Salamu alaikum, Yahouza wanzami ne."

"To wane ne wannan da ke tsaye a ƙofar gidanmu, wanda ya amsa lambarka jiya?"

"Jiya? Hajiya, shekaranjiya aka zare mini waya a Arzèkè! Yanzun nan na fito daga ofis, na bi sahu da katina, suka dawo mini da lambata, suka kashe wancan layin. Yana nan? Ku riƙe shi! Ku riƙe mini ɓarawon nan, ga ni nan tafe!"

Malam Ukasha bai san lokacin da mahauta biyu da ke feɗe rago suka zo suka zauna masa dama da hagu ba. Ba su taɓa shi ba, wuƙaƙen ma a cinya suka ajiye. Ya rantse, ya kawo mai tabarau, ya kawo lema, ya kawo 'yan doya.

"Shi ke nan," in ji Malam Awalu. "Ba mu son zalunci. Kawo lambar wani naka a kira shi ya shaide ka."

Malam Ukasha ya hau sosa ƙeya.

"Ba ka da kowa?"

"Ina da su. Lambobin ne... suna cikina."

"To faɗo su mana, tun da ka haddace."

"Ba a kai ba. A ciki." Ya dafa tumbinsa. Dole ya ba da labarin goro da maƙogwaro. Wani saurayi ya faɗi ƙasa don dariya. Tsohon nan mai shekara saba'in ya matso ya kara kunne a cikin Malam Ukasha, ya ce a yi shiru, kamar yana jin ana kira.

Hantsi ya wuce, rana ta take tsaka, aka yi azahar da shi a tsakiyar sahu, mahauci a kowane gefe. Inuwa na ƙara tsawo, shi kuwa yana ta duban rana. A zuciyarsa yana ganin Alhaji zaune a kan tabarma yana duban hanya. Yana ganin Mansour a teburinsa yana yanka nama hankalinsa na Djougou.

Bayan azahar Yahouza ya diro daga kan zem, ƙato ne baƙi, zabira a kafaɗa. Ya fizgi wayar ya juya ta. "Wannan ba tawa ba ce. Tawa ƙarama ce mai tocila. Ina ka ɓoye ta? A duba kwandon can!"

Aka kife kwando. Ganye ya zube, sai ga wata takarda a naɗe cikin leda ta faɗo daga can ƙasa. Malam Awalu ya warware ta, ya gyara tsayuwa, ya karanta da ƙarfi yadda har matan zaure za su ji:

"Duk wanda ya tsinci mai wannan kwando, sunansa Ukasha, ƙanena ne. Ba mugu ba ne, baki ne kawai ya yi masa yawa. Bai san ko'ina ba, kada ku yarda in ya ce ya sani. Don Allah a kira ni a wannan lamba. Hadjo, Parakou."

Kai, ranar Partago ta ga dariya! Mahautan nan suka jingina da juna suna share hawaye. Yahouza da ya zo da niyyar faɗa sai da ya zauna a kan turmi ya riƙe ciki. Malam Ukasha ya so ƙasa ta tsage, ƙasa ta ce ba ruwanta.

Aka kira Hadjo a buɗe. Tana jin an ce an tsince shi ta fashe da kuka. Ita da Usuman suna Djougou tun ɗazu, sun zaga tasha sau uku. Cikin kuka ta zayyana musu komai: maraya, da sharaɗin Alhaji, da la'asar ɗin yau. Sannan ta ce, "Goron dai yana nan ko?"

Kowa ya rufe bakinsa, don jan da ke haƙora ya isa amsa.

Malam Ukasha ya sunkuyar da kai. Karo na farko tun da aka yaye shi, ya yi magana gajera. "Yaya, na rabar. Na kashe wa ɗan marigayi aure da bakina." Hawaye ya gangaro masa har gemu, bai ko share ba.

Dariya ta ɗauke. Amariya ta dubi mazan nan ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe ƙugu.

"To, masu jajayen baki. Goron neman auren maraya kuka tauna, har da ni. Wanda zai iya mayar da nasa ya mayar yanzu." Ba wanda ya motsa. "Ba ku iyawa? To wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Alhaji dangi yake nema, ku kuwa goro ya riga ya sa ku a ciki. Yahouza, aske mini jikana maza. Awalu, nemo motoci. Naman suna ba ya gudu."

Yahouza ya zaro aska, kafin a nemo direba na biyu kan jariri ya yi sumul.

A Djougou an idar da la'asar. Alhaji Abubakar Sadiƙ, farin dattijo marar yawan magana, ya zauna a ƙofar gidansa da 'yan'uwansa, ya dubi hanya har ya gaji. Usuman na gefe yana ta ba da haƙuri. Alhaji ya miƙe ya kama bakin tabarma zai naɗe, sai ga motoci biyu da zem shida sun tsaya. Maza fiye da ashirin suka firfito, har da mahauta da wanzami da zabirarsa. A gabansu wani mai babbar riga da ta sha ƙura, rungume da kwando.

Aka yi sallama aka zauna. Alhaji ya dubi kwandon, ya ga ganye. Ya dubi baƙin, suka yi masa murmushi gaba ɗaya, ya ga inda goron ya tafi.

"Wane ne baffan yaron?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Wato a duk ƙasashen da na..." Malam Awalu ya taka masa ƙafa, ya karɓi maganar. Ya faɗi komai tiryan-tiryan, bai rage ko haɗiyar layi ba, ya kuma miƙa takardar Hadjo. Alhaji ya karanta, gemunsa ya ɗan motsa, ya danne.

"Ko ɗaya bai rage ba?"

Yahouza ya laluba zabira. Ashe guda ɗaya tak ya rage a wajen mata, Amariya ta ba shi ladan aski tun a Partago, bai kai ga ci ba. Ya miƙa. Alhaji ya juya goron a tafin hannu, ya ɓara, ya sunsuna, ya gutsura. Ya daɗe yana taunawa.

"Wa ya zaɓi wannan?"

"Yayata Hadjo," in ji Malam Ukasha a hankali. "Ita ta riƙe yaron."

"Hannun da ya iya zaɓen goro haka, ya iya renon mutum." Alhaji ya dubi taron. "Na ce a kawo mini dangin uba. An kawo mini baffa ɗaya, da mutum ashirin da suka bar naman suna a wuta saboda yaron da ba su taɓa gani ba. Wanda Allah ya yi wa wannan, ni ban isa in ce ba shi da kowa ba. Na ba Mansour Ramlatou."

Aka ɗauki kabbara, aka shafa fatiha. Malam Ukasha ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Alhaji ya bari sai da ya natsu, sannan ya ninke takardar ya miƙa masa.

"Sharaɗina ɗaya ne. Ranar ɗaurin aure kai ne waliyyin ango, ba na son a jira ka. Kada ka bar Funtuwa sai da wannan a jikinka."

Yanzu in ka je teburin mai shayi za ka ji labarin yadda Malam Ukasha ya shiga ƙasar Benin shi kaɗai, ya tara rundunar dangi cikin yini guda, duk da dabarar waya. Ka saurara, ka gyaɗa kai, kada ka musa. Amma in zafi ya sa ya cire hula yana fifita, leƙa cikinta. Akwai wata 'yar takarda a naɗe cikin leda, an ɗinke ta da baƙin zare. In ka tambaye shi zai ce maka laya ce da wani babban malami ya ba shi a ƙasar waje, maganin ɓata.